Jitar Kawu: in goge fentin ko in bar shi?

Sani Tela (Yelwa, Garwa): Assalamu alaikum manya da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Watan jiya aka yi arba'in ɗin kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Da aka buɗe ɗakinsa sai ga jitar bas a bayan akwati, an naɗe ta da tsohon bargo. Da ita ya yi kiɗa a wata okestira nan Garwa tun kafin a haife ni, daga baya ya bari ya koma sayar da atamfa. Ina yaro shi ya nuna mini Mi, La, Re, Sol a kanta, shi ya sa Inna, matarsa, ta ce in ɗauka.

Ga halin da take ciki. Tsirkiya huɗu ce, biyu sun tsinke, biyun da suka rage duk tsatsa. Wuyan ya lanƙwashe kamar baka, har yatsana ƙarami yana shiga tsakanin tsirkiya da katako. Kunne ɗaya na ɗaure tsirkiya ya karye. Bakin ƙarafan nan da ke jere a wuya sun fito suna yankan hannu. Na jona ta da ampilin wani abokina, na'urar ƙara sauti, ƙugi kawai take yi. Sunan da ke kanta ya goge. Wani kafinta a layinmu ya ce in kawo ya kankare ta da sanfefa ya fesa mata sabon fenti. Zuciyata ba ta kwanta ba, na ce bari in tambaya tukuna.

Bashir Ɗan Kusuri: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu. Yaya Sani, surar nan da na gani a hoton da ka turo ta jitar Amurka mai suna Fender Precision ce. In ta gaske ce ta shekarun 1960 ko 1970, kuɗinta a Turai miliyoyin sefa ne. Kada ka bari kowa ya taɓa ta.

Malam Bappa (Ngaundere): Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Sani, kafin maganar fenti akwai maganar da ta fi ta. Kayan nan na gado ne. Matarsa ita kaɗai ba ta da ikon kyautar da shi. In abin da Bashir ya faɗa haka ne, to dukiya ce, kuma akwai haƙƙin 'ya'yansa a ciki, musamman in da ƙanana. Ka san darajarta, ka gaya musu, in sun yafe ka riƙe da zuciya ɗaya.

Sani Tela: Gaskiya ne Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban kawo wannan a raina ba, don kowa kallon tarkace yake mata.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo (Marwa): Sani ɗana, juya ta. Inda wuya ya haɗu da jiki akwai faranti na ƙarfe mai noti huɗu. Goge shi da ƙyalle ka karanta mana abin da ke jiki.

Sani Tela: Baba Alhaji, na goge. An rubuta Steel Adjustable Neck, ga Made in Japan a ƙasa, sai wasu lambobi.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: To, ba ta Amurka ba ce, hankalin magada ya kwanta. Wannan rubutun an fi saninsa a kayan wata masana'anta ta Japan mai suna Matsumoku, a garin Matsumoto. Su suke ƙera wa Aria da wasu kamfanoni jita, an rufe su a 1987. Kai da kake tela za ka ji daɗin wannan: a dā aikinsu ƙera teburan keken ɗinki na Singer ne, daga nan suka shiga jita. Hannun da ya saba da katakon keke shi ya yi jitar kawunka.

Ita Precision ta asali Leo Fender ne ya fitar da ita a 1951 a Kalifoniya, surar da kuke gani yau mai mikro (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) rabe biyu kuwa daga 1957 ta fara. A shekarun 1970 Japanawa suka yi ta kwaikwayonta, da arha, kuma da yawa aikinsu mai kyau ne. Su ne suka cika okestirorin ƙasashen nan namu, daga Duwala har Fort-Lamy kafin a mai da ita Njamena a 1973. Ta Amurka sai wane da wane. A shagona irin taka sun wuce ta hannuna ba sau ɗaya ba sau biyu ba, ta Amurka kuwa guda ɗaya tak na taɓa buɗewa, ta wani ɗan mishan.

Bashir Ɗan Kusuri: To tunda ba mai tsada ba ce, me zai hana a yi mata fenti? Ni a ganina abin kiɗa don kiɗa aka yi shi. A wanke ta, a sa mata mikro sabo, kunnuwa sababbi, baƙin fenti mai sheƙi, ka fita da ita ba kunya. Mu daina ɗaukar tsufa kamar ado.

Ishaya Bas (Domayo, Marwa): Bashir ɗan'uwana, ban yarda ba, kuma na biya kuɗin wannan darasin. Shekara shida da suka wuce na kai bas ɗin majami'armu wurin wani mai fentin mota. Na ce masa jiki kaɗai. Da na dawo ya fesa har wuya, har ramin da wuya ke zama, har kan mikro. Fentin ya yi kauri, wuyan ya ƙi komawa daidai, sai da muka yi kwana uku muna kankara da reza. Bayan wuyan da dā yake da santsi kamar ƙotar tsohuwar fartanya ya koma yana kama tafin hannu in aka yi zufa. Har yau in na ɗauke ta raina yana ɓaci. Shekara ashirin hannun mutane yana gyara katakon nan, aka share shi da yamma ɗaya.

Sani, duba bayan wuyan taka. Ina fenti ya cinye?

Sani Tela: Yaya Ishaya, daga gida na uku zuwa na bakwai, wato gidajen da ke tsakanin ƙarafan wuya. Wurin ya yi duhu, ya yi sumul. Sannan a saman mikro robar ta ɗan lotsa, daidai inda babban yatsa ke zama. Na ɗora nawa ya shiga cif. A baya kuma akwai inda kan bel ya ci fentin.

Ishaya Bas: Ka ga inda kawunka ya yi rayuwarsa ke nan, tsakanin gida na uku da na bakwai. Makosa da rumba a nan ake tuƙa su. Wannan ba datti ba ne.

Bashir Ɗan Kusuri: Na ji, amma tabon bel fa? Shi ma tarihi ne? Wata rana za ku ce tsatsar ma a bar ta.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: A'a Bashir, tsatsa cuta ce, tana ci gaba da ci. Tabo ya riga ya tsaya. Abin da ke hana ta magana ko yake ƙara lalata ta, a gyara. Abin da bai hana komai ba, a ƙyale. Kuma ko da kun so kankarewa, fentin Japanawan wancan lokaci yawanci foliyesta ne, mai tauri kamar gilashi. Sanfefar kafinta za ta cinye gefunan katako kafin ta gama da shi. Wasu ma katakon da ke ƙasa falle-falle ne aka manna, in ka tuɓe shi ba abin kallo.

Balkisu Mai Waƙa (Ngaundere): Baba, ina da tambaya a kan wannan. Ta yaya mutum zai san irin fentin? Tawa ƙarama ce mai tsirkiya shida, ina tsoron goge ta da abin da zai ɓata.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: 'Yata, samo ruwan nan na goge jan farce, mai asiton. Ɗiga a auduga ki taɓa wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin faranti. In fentin ya yi laushi ya kama audugar, nitro ne irin na Fender na dā, kada turare ko barasar asibiti su kusance shi. In bai motsa ba, foli ne, ƙyalle mai ɗan danshi ya ishe shi.

Abdu Sabon Shiga: Ni dai tambayata, mutumin da ya tuba ya ajiye kiɗa ya koma kasuwa, ya dace a tono abin da ya binne? Me zai amfane shi a kabari?

Sani Tela: Malam Abdu, tambayarka ta taɓa ni, don na yi wa kaina ita. Abin da na sani, bai taɓa ce mini tuba ya yi ba. Ya ce iyali sun yi yawa, kiɗan dare ba ya ciyar da gida. Shekara talatin da wani abu yana iya sayar da ita ko ya jefar, bai yi ba. Bargon da ya naɗe ta da shi ma ba tsumma ba ne. Addu'a da sadaka kuwa muna yi masa, ba jita ce za ta hana ba.

Malam Bappa: Hukuncin kiɗa malamai sun yi magana mai tsawo a kai, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Nan ba zauren fatawa ba ne. Abdu ya faɗi damuwarsa cikin ladabi, Sani ya amsa cikin ladabi. A ci gaba.

Ishaya Bas: Mu koma wuya, don shi ne rai. In wuya ya mutu sauran duk aikin banza ne. Tsirkiyoyin bas huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, buhun masara kusan guda, dare da rana. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke ja da baya. Irin taka notin sandar yana gindin wuya, sai ka kwance noti huɗun nan ka cire wuyan kafin ka kai gare shi.

Kada ka fara da ɗaurewa. Kwance shi tukuna, ka ciro notin in ya fito, ka ɗiga masa man keke, ai kana da shi a shago. Sannan ka kwantar da wuyan a kan tebur, ka tokare shi da katako biyu, ka matsa tsakiya a hankali har ya miƙe, sai ka ɗaure notin ya riƙe. Kada ka sa notin ya yi aikin miƙewa shi kaɗai. Bayan haka kwatan juyi kawai, ka bar shi ya kwana, gobe ka duba.

Yadda ake aunawa: ka ɗaura tsirkiya, ka danne ta a gidan farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya wajen gida na takwas. Ratar da ake so kusan milimita 0.3, kaurin katin gayyatar biki.

Musa Njamena: Ku ji maganar Ishaya. Ni na karya tawa. Na sa alanki na ji ya cije, na ƙara masa bututu don in sami ƙarfi, sai na ji ƙas. Sandar ta tsinke a ciki. Wuyan yana nan rataye a ɗakina shekara huɗu, ban sami mai ɓare katakon sama ya canza ta ba. Sani, in ya cije, tsaya.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: Game da ƙarafan da ke yankan hannu, ba su ne suka fito ba, katakon ne ya tsuke. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Mu nan a hunturu da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya haura sama sosai. Katako yana kumbura yana tsukewa kowace shekara, ƙarfe ba ruwansa. Yanzu da muke cikin Janairu shi ne lokacin gogewa, don yanzu suka fi fitowa. In ka goge da damina, hunturu na zuwa za su sake leƙowa. Manna salatif na takarda a gefen katakon, ka sa zarto mai laushin haƙori, ka bi gefe a kwance.

In ka gama, ka samo gidan sabulu na roba, ka huda murfin, ka sa soso mai danshi a ciki ka ajiye tare da ita a jaka. Kada ka jingina ta da bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a ƙasa saboda gara. Ɗakin da randa take ya fi ko'ina.

Balkisu Mai Waƙa: Baƙin katakon saman wuya fa? Na ji wasu suna shafa man gyaɗa ko man shanu.

Ishaya Bas: Kada ki soma, Balkisu. Man girki yana hamami, yana kiran kiyashi. Man keke mai haske ɗigo biyu a ƙyalle ya isa, sau ɗaya a shekara, a goge ya bushe.

Sani Tela: Salam. Kwana tara ban yi magana ba, aiki nake. Na fara da zuwa wurin magada, na gaya musu abin da Baba Alhaji ya ce, babban ɗansa ya tara ƙannensa, duk sun balaga, suka ce sun bar mini duniya da lahira. Duk da haka na ɗinka wa Inna da 'yan matan kaya.

Wuya ya miƙe. Kwana biyar na yi, kwatan juyi kullum bayan asuba. Da na ji ya fara nauyi sai in tuna Malam Musa in ajiye.

Amma ga abin da ya sa na rubuto. Da na kwance farantin roba don in ga wayoyi, a cikin ramin, gefen foliyum, maɓallin ƙara sauti, na tarar da laya. 'Yar ƙarama, an ɗinke ta da jar fata irin ta Marwa, an manna ta da ƙaro. Na zauna na daɗe ina kallonta. Ban buɗe ba. Na kai wa Inna, tana gani sai hawaye. Ta ce kakata ce ta ba shi ranar da ya fara fita kiɗan dare, don ta hana shi ya ƙi hanuwa, sai ta ce to ga wannan. Inna ta ɗauka ta ɓace tuntuni. Na bar mata.

Malam Bappa: Ka yi daidai da ka mai da ita hannun mai ita. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Bashir Ɗan Kusuri: Allahu akbar. Yaya Sani, na janye maganar fenti. Amma a kan mikro ina nan kan bakana. Mikro mai shekara kusan hamsin da ke ƙugi, canza shi.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: Bashir, a auna kafin a yanke hukunci. Sani, je wurin duk wani mai gyaran rediyo ko talabijin, ka ce ya sa mitarsa a om ya taɓa wayoyin mikro biyu. Na Fender yakan nuna wajen 10k zuwa 11k, na Japan wani ya fi haka ƙasa. In ya nuna lamba, yana da rai. In allura ba ta motsa ba, waya ta tsinke a ciki. Wayar ta fi gashin kai siranta, an naɗa ta sau dubbai, kuma masu naɗin fanka ba su da irinta, kada ka kai musu.

Ƙugin nan ina zargin wayar ƙasa. Akwai wata 'yar waya da ke tasowa daga ƙarƙashin jaki, inda tsirkiyoyi ke zama, ta zo ta manne a bayan foliyum. Tsatsa tana raba ta da jakin. Kwance shi, goge ƙasan, shimfiɗa wayar, mayar. In foliyum ya mutu, 250k ake sa wa irin wannan.

Sai gargaɗi, kuma ku riƙe shi da kyau ku yara. Wayar nan tana haɗa hannunka da ampili kai tsaye. Wutarmu 220 ce, gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, ga janareto a wurin biki. In tsohon ampili yana yoyon wuta, kana riƙe da tsirkiya ka taɓa makirufo, ta jikinka za ta bi. Wani makaɗin jita ɗan Birtaniya, Les Harvey, haka ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972. In ka ji tsirkiya tana ɗan cizonka, kashe ampilin nan take. Kuma kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi.

Sani Tela: Baba, an auna, 8.6k ya nuna. Wayar jakin kuwa kamar kuna gani, ta yi kore ta rabu. Mun goge, mun liƙa sabuwar dalma a jak, inda ake jona wayar ampili. Ƙugi ya tafi. Mikron Kawu yana nan.

Saura ɗan abin nan fari da ke kan wuya, inda tsirkiyoyi ke ratsawa kafin kunnuwa. Na roba ne, ya tsage gida biyu.

Ishaya Bas: Wannan kada ka sayo. Je mahauta ka karɓi ƙashin ƙwaurin sa. Yanke kawunan, fitar da ɓargon, tafasa shi da ɗan omo, zubar da ruwan ka sake, har maiƙo ya daina tasowa. Shanya a inuwa mako biyu, in ka sa a rana zai tsattsage. In maiƙo ya rage zai fito daga baya ya hana gam kamawa. Sai ka yanka daidai da tsohon, ka yi ramuka huɗu. Yi su a hankali, ka riƙa ɗora tsirkiya kana dubawa, don in rami ya zurfafa ba a mayarwa. Ɗigon gam biyu kawai. Masu sassaƙar ƙashi da ƙaho na kasuwar sana'a nan Marwa su suka koya mini tafasawar.

Musa Njamena: Tsirkiya fa, wace iri za ka sa? In sautin zamanin kawunka kake so, nemi masu sumul ɗin nan da ba su da kaushi. Irinsu James Jamerson na Motown yake kaɗawa a Precision ɗinsa ta 1962, kuma ba ya canza su sai sun tsinke. Ba sa cin ƙarafan wuya, ƙurar hunturu ba ta shiga cikinsu sosai.

Bashir Ɗan Kusuri: Suna da tsada, suna da wuyar samu, kuma in yana son mari, wato bugun tsirkiya da babban yatsa, irin na 'yan Kamaru, su Vicky Edimo da Armand Sabal-Lecco, ba za su ba shi ba. Masu kaushi, lambar kauri 45 zuwa 105, a gama.

Musa Njamena: Ai ba mari ya ce zai yi ba.

Ishaya Bas: Ku bar shi ya fara da wadda ya samu. Amma Sani, wuyan da ya sha wahala, fara masa da marasa nauyi, 40 zuwa 100.

Sani Tela: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na kai ta gidan Inna. Wani direban motar Duwala ya kawo mini masu kaushi 40 zuwa 100, su na sa. Ƙashi na uku ne ya yi, na farko ya tsage, na biyu na zurfafa ramin La. Ban taɓa fenti ba, ƙyalle kawai. Tsirkiya uku ce a kai, don kunnen Sol har yanzu babu.

Na jona ƙaramin ampili a tsakar gida, sanye da takalmi Baba Alhaji. Na kaɗa ɗan abin da ya koya mini, wanda ke yawo tsakanin gida na uku da na biyar. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariyar. Ta ce ba haka yake yi ba, shi yakan ɗan jinkirta na ukun. Ta buga mini da tafi a cinyarta har na kama. Mun kai magariba.

Yanzu kunne nake nema. Irin buɗaɗɗen nan mai gefe ɗaya, kansa kamar kunnen giwa, noti huɗu a baya. Sababbin da na gani a kasuwa ƙanana ne, ramin ya yi musu yawa, kuma ba na son in huda katakon.

Musa Njamena: Wuyan nan nawa da ya mutu kunnuwansa huɗu lafiya lau, kuma na Japan ne. Auna faɗin ramin da tazarar notocin da tef ɗinka na ɗinki, a milimita, ka turo. In sun yi daidai in kwance maka ɗaya.

Bashir Ɗan Kusuri: Malam Musa, in ya yi, ba ni a gadar Ngeli ranar Laraba. Ina da mai tafiya Marwa ranar Alhamis, ya ajiye a shagon Baba Alhaji.

Alhaji Ɗanladi Mai Rediyo: A kawo. Ku haɗa da notocinsa da zoben da ke shiga ramin, ku ƙulle a leda kada su zube. Jikana yana sauka Garwa ran Asabar.